Bututun da ke Bayan Randar Umma

Ko tsufa ya zo ya kwashe min komai, ina jin wata Juma'a guda za ta rage a kaina. Bayan la'asar ne, a tsakar gidanmu da ke unguwar Lamisula a Maiduguri, ranar da aka ce in yi wa mahaifina bayanin abin da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta, da Hausa tsantsa, in ya gane in tafi karatu, in bai gane ba in haƙura. Har yau in na tuna sai in yi dariya, amma a ranar wallahi ba abin dariya ba ne.

Sai na fara gaya muku wane ne Baba. Mutumin Kano ne, ya zo Maiduguri sarin hula tun yana saurayi, garin ya riƙe shi bai sake shi ba. Yana sayar da hula, yana kuma karɓar wanki da gugarta. Bai taɓa sayen hula bai juya cikinta ya duba ɗinkin ba, kuma haka yake yi wa duk wata buƙata da 'ya'yansa suka kawo masa. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Zai zauna a tabarma, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce ka yi bayani. Muddin hular tana gwiwa, magana a buɗe take. Da zarar ya mayar da ita kansa, to an rufe, ko wa za ka ɗauko ba za a sake buɗewa ba. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana Uwata, amma wannan bai taɓa sa ya rage min ko tambaya ɗaya ba.

A shekarar na gama digirina a fannin nazarin halittu a jami'a nan cikin gari, sai Allah Ya sa na samu gurbi da tallafi a wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Aikinsu a kan abin da ake kira otofaji ne, wato yadda ƙwayar halitta ke tattara tsofaffin kayan cikinta ta warware su ta sake amfani da su. Suna jiran amsata kafin wata ya ƙare. Umma ta yi guɗa, 'yan'uwa suka yi ta kira suna taya murna. Baba kuwa ya ce masha Allah, sannan ya shimfiɗa tabarma ya cire hula.

Ni kuma da rawar kai irin ta sabon mai digiri, na ɗauko kwamfuta na buɗe masa hotuna masu launi, na shiga zuba. Rabin maganar Turanci ne, ɗaya rabin ma Turancin ne da aka yafa masa Hausa. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, “Uwata, na ji Turanci, amma ban ji magana ba.” Ya ce shi ba zai tura 'yarsa wata uwa duniya neman abin da ita kanta ba ta iya faɗa masa ko mene ne ba. Hannunsa ya kai ga hular, sai ya fasa, ya ce ya ba ni zuwa Juma'a. Na shiga ɗaki na yi kuka na haushi, don na san gaskiya ya faɗa.

Yanzu sai in kawo muku zancen katanga, don in babu ita babu labarin. Bayan gidanmu akwai gidan wasu Barebari, mun tashi mun same su a nan. Matar gidan muna ce mata Inna ta bayan katanga, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli, kuma ita da Umma kamar 'yan ciki ɗaya suke. Da can katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce, ta kai ake miƙa gishiri da garwashi da labari. Wata rana Baba ya wanke hulunan mutane ya sa musu sitaci ya jera a rana, akuyar gidan Inna ta tsallako ta yi walima da su. Aka yi cacar baki tsakaninsa da mai gidan Inna, kowa ya faɗi abin da bai kamata ba. Baba ya kira magina aka ɗaga katangar har ta fi tsayin mutum, ya kafa doka cewa daga yau kowa ya tsaya a gidansa, mai son wani abu ya bi ta ƙofa.

Matsalar ita ce ƙofarmu tana kallon wani layi, tasu tana kallon wani. Kafin ka je sai ka fita bakin titi, ka kauce wa keke napep, ka zagaya ta bayan masallaci. Umma kuwa tana suyar ƙosai na sayarwa, kullum tana buƙatar mai. Ni ce 'yar aiken a lokacin, kuma ban taɓa dawowa da kwalba a cike ba. Da matan nan biyu suka gaji, sai suka yi shawarar da babu namiji a cikinta. Suka huda katangar a ƙasa, a lungun da ke bayan randar Umma, suka zura guntun bututun roba irin na famfo. Gefen Inna ya ɗan fi namu tudu, don haka in ta zuba mai ta can sai ya gangaro cikin kwalbar Umma. In an gama a cusa tsumma, a mayar da randa. Mu yaran gidan duk mun sani, kajin gidan ma sun sani. Baba kaɗai ne bai sani ba, shekara da shekaru, kuma kullum in ya wuce sai ya dafa katangar nan da alfahari.

A cikin makon nan na jira, na zama kamar mai taɓin hankali. Ina wanke-wanke ina yi wa tukwane bayani, ina shara ina yi wa tsintsiya. Wani wuri guda ne yake maƙale min kullum, na rasa Hausarsa. Wata safiya Baba ya fita kasuwa, Umma ta ture randa ta ƙwanƙwasa bututun da ludayi, mai ya fara gangarowa. Na tsaya ina kallo da soso a hannu, sai kawai dariya ta ƙwace min. Abin da nake ta nema a littattafai ga shi nan a lungun gidanmu yana ɗiga. Na ce wa Umma na samu misalin da zan ba Baba. Ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce kul, in na kuskura na ambaci bututun nan, ita da ni ne. Ta ce in Baba ya sani toshewa zai yi, ya kuma tayar da tsohuwar rigima, ita kuma ba man kaɗai take samu ta wurin nan ba, ta nan suke gaisawa da Inna, ta nan suka yi wa juna jaje da barka duk tsawon shekarun nan. Na yi mata alkawari ba zan faɗa ba, kuma har zuciyata na yi shi.

Juma'a ta zo. Baba ya dawo daga sallar la'asar, ya shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, hula ta sauka a gwiwa. Umma tana bakin kicin da faifai tana tsintar shinkafa, wai ita ba ruwanta. Na bar kwamfuta a ɗaki na zauna a gabansa hannu rabbana.

Na ce masa jikin mutum duka ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya kamar gida ce mai ɗakuna, kowane ɗaki da aikinsa. Bangon ɗakunan wata fata ce siririya mai ninki biyu, da mai aka yi ta. Na ce in yunwa ta kama ƙwayar, ko wani abu ya tsufa a cikinta, ba ta zubarwa. Jaka take ɗinkawa a kewaye da tsohon kayan, ta rufe bakin, ta kai wani ɗaki inda ake warware shi, a fitar da abin da zai yi amfani a sake gini da shi. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ashe ba ta da almubazzaranci. Ya tambaya ko shi ne abin da ake ta turowa a waya game da azumi. Na ce yunwa tana zaburar da aikin, wannan gaskiya ne, amma masu turawa suna ƙara gishiri, ni ba zan faɗi abin da ba a tabbatar ba. Na ga wannan amsar ta yi masa daɗi, sai na ɗan samu ƙarfin gwiwa.

Na ci gaba da cewa jakar tana farawa 'yar mitsitsiya kamar ƙoƙo, sai ta yi ta faɗi cikin ɗan lokaci har ta lulluɓe kayan. Nan ɗan kasuwa ya motsa. Ya ce yadin fa, daga ina? Na ce akwai wani babban ɗaki a cikin ƙwayar wanda aikinsa ke nan, haɗa man da ake yin fatar da shi. Ya ce to aiko mata ake yi kenan. Na ce ana aiko kaɗan a ƙananan ƙunshi, da shi ake kafa tushe, amma ba zai isa wannan saurin girman ba. Ya ce to sun haɗe kenan, sun zama ɗaki ɗaya. Na ce a'a, in suka haɗe abin da ke cikin wannan zai cakuɗe da na wancan, aiki ya lalace. Matsowa suke yi dab da juna, kowa da bangonsa, sai wani furotin mai tsawo ya shiga tsakani.

Daga nan Hausata ta fara zamewa. Ya ce mene ne furotin. Na ce gada ce. Ya ce wa ke bin gadar ɗauke da kayan. Na ce babu kowa, man ne ke bi da kansa. Na zana a ƙasa da tsinke, na goge, na sake zanawa, zufa tana bin bayana. Ina jin lungun randar nan a gefen idona kamar yana kirana, amma na ƙi waiwayawa.

Baba ya numfasa ya ce, “Uwata, na tsufa a kasuwa. Kaya ko dai a aiko yaro da su, ko a fasa bango a haɗe shago biyu. Ki ce ba a aika ba, ba a haɗe ba, kuma kaya sun iso? Wannan na uku ban san shi ba.” Ya ɗauki hular daga gwiwarsa ya karkaɗe ta. Na ga tafiyata tana tashi sama tare da ita, idona ya ciko.

Sai na ji an ajiye faifai. Umma ta ce, “Alhaji, dakata da hular nan.”

A iya sanina Umma ba ta taɓa sa baki a zaman tabarma ba. Ta tashi ta gyara ɗaurin zani, ta nufi lungun, ta kama randar ta mirgina ta gefe ita kaɗai. Ta zare tsumma, ta kafa kwalba, ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa. Baba ya bi ta da ido da hula a hannu, tsakanin gwiwa da kai. Can sai muryar Inna ta fito ta cikin katangarsa, da Hausarta mai karin Barebari, har da gaisuwarsu: “Wushe, Hajiya. Yau da yamma? Mai gidan ba ya nan ne?”

Umma ta ce, “Yana nan. Zuba kawai.”

Inna ta sake tambaya a hankali ko ta ji daidai, Umma ta ce daidai ta ji. Sai ga mai ya biyo bututun, jawur, da sauran ɗuminsa, ƙamshin gyaɗa ya cika tsakar gida. Ya yi ta zuba har kwalbar ta kai rabi.

Baba ya tashi ya je ya tsuguna a gaban bututun. Ya daɗe yana kallo. Ni dai na gama sallamawa, na ce yau ga tafiya ta rushe ga gida ya kama da wuta, duk saboda ni. Ya tambayi Umma tun yaushe. Ta ce tun Uwarsa tana firamare. Ya shafa katangar daga sama zuwa ƙasa, ya ce amma katangar tana nan. Umma ta ce tana nan daram. Ya ce akuya ba ta wucewa. Umma ta ce ko ƙafarta ba ta shiga. Sai ya juyo gare ni, ya nuna guntun robar nan da yatsa, ya ce, “Wannan ne furotin ɗin?”

Na ce shi ne, Baba. Na ce gidan Inna shi ne ɗakin da ke haɗa mai, gidanmu ne jakar, ba a haɗe ba, ba a kuma aiki kowa ba. Na ce bambancin kawai shi ne mu suya muke yi da man, ita ƙwayar kuwa da shi take faɗaɗa bangonta, kuma nata bututun kamar kwararo yake, mai ɗan rami a tsawonsa da man ke bi.

Kafaɗunsa na fara ganin suna rawa. Sai dariya ta fashe, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har ya zauna daɓas a ƙasa da fararen kayan Juma'arsa. Yana cewa shi yana can yana dafa katanga kullum, ashe ana kasuwanci ta ƙarƙashinsa. Inna ta ji dariyar ta cikin bututu ita ma ta kama, Umma ta rufe baki da gefen mayafi. Ni kuwa ina dariya ina share hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da ya nutsu ya koma tabarma, hular ta koma gwiwa. Yanzu kuma tambayoyin daɗi suka fara. Ya ce na ce fatar ninki biyu ce, to in man ya sauka a ninkin waje kaɗai, na cikin fa? Ya ce hula in aka ƙara mata waje ba a ƙara shafin ciki ba murɗewa take yi. Na ji kamar in rungume shi, don wannan na san amsarta. Na ce akwai wani furotin ɗin a jikin jakar kanta, aikinsa ya riƙa tsallakar da man daga ninkin waje zuwa na ciki don su girma tare. Ya ce madalla, haka ya kamata.

Sai ya sake duban lungun, ya ce a nan dai ya gane, gefen su Inna ya fi tudu, shi ya sa man ke gangarowa ba ya komawa. A cikin ƙwayar fa, me ke tura shi gaba? Na ce, “Shi ne ba a gama sani ba, Baba. Shi ne abin da suke nema a can.”

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗauki hularsa ya kafa a kai, ya gyara mata zama, ya ce, “To je ki duba.”

Baba ya ce wa Umma ita kuma shari'arsu daban, amma duk wanda ya ga fuskarsa ya san shari'ar ba za ta yi zafi ba. Washegari ya sa babbar riga ya zagaya gidan su Inna, karo na farko tun zamanin akuya. Ya daɗe a can. Da ya dawo yana haki, abin da ya fara faɗa shi ne ashe hanyar nan da nisa haka. Kafin mako ya zagayo ya kawo mai gyaran famfo, aka cire tsohuwar robar aka sa sabuwa mai murfi, don wai tsumma ƙazanta ne. Ranar da zan tafi Inna ta ƙwanƙwasa ta can ta ce ga guzuri, Baba da kansa ya tsuguna ya riƙe kwalbar. Na naɗe ta a leda na cusa a tsakiyar akwati, ta ɗan tsiyaya a wata atamfata, har yau in na buɗe ta ƙamshin gyaɗa take yi.

Kafin in fita na ja Umma gefe na tambaye ta me ya sa ta tona, bayan ita ce ta sa na yi alkawari, kuma ba ta san yadda Baba zai ɗauka ba. Ta ce ba ta sani ba kam. Ta ce, “Mai ai ko an toshe zan zagaya in samo. Wannan damar taki ce ban san ta inda ake zagaya mata ba.”

Shekaru sun wuce, ina nan ina dubawa kamar yadda aka umarce ni, kuma duk kiran da na yi gida sai Baba ya tambaya ko an gano gangarar. Abu biyu ranar nan ta koya min. Duk abin da ban iya faɗa wa Baba da Hausa ba, ban gama saninsa ba, komai yawan takardun da na karanta a kai. Na biyun ya fi nauyi: abin da ya gina ni bai zo daga nesa ba, daga wadda ke kusa da ni ya riƙa gangarowa a ɓoye, ba tare da na lura ba, har ranar da ta ture randa a gaban kowa saboda ni. Shi ya sa in na zauna a gaban na'ura na ga bakin jakar nan ya matso dab da ɗakin mai, nakan tuna cewa ban kira Umma ba yau, sai in ajiye aikin in ɗauki waya.